Kimiyya a Sauƙaƙe: Ramar da Abinci Kaɗai Ba Ya Maganinta

A makon nan za mu duba wata irin rama da ke kama masu ciwon daji, wato kansa. Mai yiwuwa wasu daga cikinmu sun taɓa ganinta a gida ko a unguwa: ana ta dafa wa mara lafiya abinci mai kyau, amma kullum sai ƙara zubewa yake yi. Daga nan sai zargi ya shigo. Wasu su ce shi ne ya ƙi ci, wasu su ce masu jinya ne ba sa kula, wasu ma su ce sammu ne.

Likitoci suna kiran wannan rama kakeksiya. Kalmar ta fito ne daga harshen Girka, kuma ma'anarta "mummunan yanayi". An daɗe da saninta, amma an jima ba a daidaita a kan yadda za a auna ta ba. Wannan matsala ce babba, domin idan kowane asibiti yana da nasa ma'aunin, ba za a iya kwatanta sakamakon bincike ba, kuma ba za a gane ta da wuri ba. A shekarar 2011 ne wani rukunin masana daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kenneth Fearon na Jami'ar Edinburgh da ke Sikotilan, suka wallafa matsaya ɗaya a mujallar Lancet Oncology.

Bisa wannan matsaya, kakeksiya ita ce zaizayewar tsokar jiki da ke ci gaba, ko kitse ya ragu ko bai ragu ba, wadda ƙarin abinci kaɗai ba ya iya mayar da ita gaba ɗaya, kuma tana rage wa mutum ƙarfin yin harkokinsa. Mu lura da kalmar tsoka, domin a nan ne ta bambanta da ramar yunwa. Idan yunwa ce, jiki yakan rage kashe kuzari, ya fi ƙona kitse, ya yi tattalin tsoka, kuma da zarar an samu abinci sai ya murmure. A kakeksiya kuwa, ciwon da kuma garkuwar jiki suna sakin wasu sinadarai da ke kashe sha'awar abinci, suna kuma sa jiki ya riƙa narkar da tsokarsa. Kamar zuba ruwa ne a tulun da ya tsage. Shi ya sa mai ƙiba ma yana iya kamuwa ba a lura ba, saboda kitse ya rufe tsokar da ta zube. An fi ganin ta a masu kansar tumbi, da ta huhu, da ta gaɓar nan da ke samar da sinadarin insulin.

To, yaya ake gane ta? Masanan sun kafa ma'aunai uku, kuma ɗaya ya isa. Na farko, mutum ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata 6, ba don rashin abinci ba. Misali, mai kilo 60 ya koma 56: ya rasa kilo 4, wato kusan kashi 6.7 cikin 100, ya haye iyaka ke nan. Na biyu, alƙalamin BMI ya gaza 20, sannan a rasa fiye da kashi 2 cikin 100. Ana samun BMI ne ta raba nauyi a kilo da tsayi a mita sau kansa. Mai tsayin mita 1.70 da kilo 55, BMI ɗinsa 19 ne. Na uku, gwaji ya nuna tsoka ta yi ƙaranci, tare da rasa fiye da kashi 2 cikin 100.

Sun kuma kasa ta mataki uku. A matakin farko, nauyin da aka rasa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, amma sha'awar abinci ta fara raguwa. Mataki na biyu shi ne cikakkiyar kakeksiya, wadda muka auna a sama. A na uku, maganin kansa ya daina aiki, ƙarfi ya ƙare, kuma likitoci ba sa tsammanin mara lafiya zai wuce wata 3. Ba kowa ne ke bin matakan duka ba.

Amfanin wannan rabe-rabe shi ne kowane mataki da irin kulawarsa. A farko-farko, abinci mai gina jiki, da motsa jiki daidai ƙarfi, da maganin tashin zuciya ko zafi suna iya rage saurin zaizayewar. A mataki na ƙarshe, abin da ake nema shi ne sauƙi da natsuwa, kuma ɗura abinci dole sai ya ƙara wa mara lafiya wahala.

Idan muna da mai wannan ciwo a gida, akwai abin da za mu iya. Mu riƙa rubuta nauyinsa da kwanan wata duk lokacin da aka ɗora shi a sikeli, a nuna wa likita. Mu ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mu bar shi ya zaɓi abin da ransa ke so. Idan ya ture kwano, kada mu ɗauka raini ne ko butulci, ciwon ne. Kuma kada mu yanke wa kowa hukunci don ya rame, domin tarin fuka da ciwon zuciya ma suna jawo irin wannan rama, likita ne kawai zai tantance.

Aikin gida: wata mata mai kilo 72 ta koma kilo 69 a cikin wata 6, kuma BMI ɗinta 24 ne. Kashi nawa cikin 100 ta rasa? Ta cika ma'auni na farko ko na biyu? Ku lissafa, za mu kawo amsa a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.