Ko Ya Dace Samari Su Kalli Majigin Gunkin Ƙirare?

Bayan haka, magana ta taso a kan wani majigi na ban tsoro mai suna The Wicker Man, wanda Robin Hardy ya shirya a ƙasar Birtaniya, ya fito cikin shekarar 1973, ko ya dace a bar samari su kalle shi.

Ga yadda labarin yake. Wani sajen 'yan sanda, Banasare mai riƙo da addininsa, ya tafi wani tsibiri na Sikotilan neman wata yarinya da aka ce ta ɓata. Sai ya tarar mutanen wurin sun koma bautar rana. Ashe yarinyar tana nan da ranta, tarko ne aka ɗana masa. Itatuwansu na tuffa ne suka ƙi 'ya'ya, suna neman wanda za su miƙa hadaya. Suka kulle shi cikin wani ƙaton gunki da aka saƙa da ƙirare, suka cinna wuta, suna kewaye suna waƙa.

Waɗansu sun ce haramun ne tun daga tushe, domin akwai shirka a ciki. Wannan hujja ba ta isa ba. Malamai sun tabbatar cewa hakaito kafirci ba kafirci ba ne. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin gumakan mutanen Annabi Ibrahim, ya kuma ba da na ma'abota rami cikin Suratul Buruj, waɗanda suka ƙone muminai suna zaune suna kallo, alhali 'yan makarantar allo suna biya wannan sura tun suna izu na ƙasa.

Amma akwai bambanci. A cikin sura, an la'anci masu ramin tun farkon labari, yaro ba ya ruɗewa ga sanin wanda ya taɓe. A cikin majigin kuwa, maguzawan su ne masu fara'a da kiɗa da karɓar baƙo, mai imani shi ne mai ɗaure fuska, kuma shi wuta ta ci. Gaskiya ne, kafin a ƙone shi ya gaya wa sarkin tsibirin cewa in amfani ya sake ƙi baɗi, shi kansa mutanensa za su miƙa. Dattijo zai ji nauyin wannan kalma, ya gane ɓatan aikinsu. Ɗan shekara 14 kuwa waƙar zai riƙe.

Sa'an nan ga tsiraicin mata da waƙoƙin batsa birjik. Wannan kaɗai ya wadatar, ko ga mai furfura.

Su Turawan da kansu, sa'ad da ya fito, hukumar tace majigi ta ƙasarsu ta hana shi ga wanda bai kai shekara 18 ba, ko da yake daga baya ta sassauta zuwa 15. Shekara 18 ɗin nan kuwa ita ce iyakar balaga a mashhurin mazhabar Imamu Malik, in wata alama ba ta riga ta bayyana ba.

Saboda haka bai dace da samari ba. Uban da yake son ɗansa ya san yadda mushirikai suke salwantar da rai don neman yabanya, ya zaunar da shi ya ba shi labarin da baki. Ɗan kasuwa mai tura majigi cikin wayar mutane kuwa, in yaro ya miƙo masa kuɗi ya ambaci wannan, ya mayar masa da kuɗinsa.