Malamin da Ke Nunawa da Hannunsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu ja hankalinku ga wani abu da muka gani da idonmu a ƙasar Maruda, cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu ta Jihar Kebbi. Mun biya wata makarantar furamare ta gwamnati da hantsi, sai muka tarar da aji babu kowa. Ashe malamin ya fita da yaransa gindin wata bishiya, gabansu ga mudu, ga tabarma, ga buhun shinkafa da wani uban yara ya ba da aro. Darasin lissafi ake yi, amma fa da zakka ake koyar da shi.

Malamin ya sanar da su cewa nisabin hatsi wusƙi 5 ne, kowane wusƙi kuwa sa'i 60 ne, watau sa'i 300 ke nan. Sa'an nan ya tambaye su: manomin da ya sami buhu 60 a noman damina, nawa zai fitar? Suka ce buhu 6, domin ushiri ne. Wanda ya sami buhu 60 a noman rani fa, alhali da injin ban ruwa ya shayar, ya sayi mai da kuɗinsa? Wata yarinya ta ce buhu 3, rabin ushiri. Ya miƙa mata mudu, ya ce ta auna mudu 20 ta ware ɗaya, kowa ya gani. Yaran nan sun tashi da kason goma da kason ashirin a hannunsu, sun kuma tashi da hukuncin da iyayensu manoman shinkafa ke bukata kowace kaka.

Kada wani ya zaci wannan hanya baƙuwa ce da Turawa suka kawo. Ya tabbata a cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla bisa mumbari domin mutane su gani su koya. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito cewa ya wuce wani yaro yana fiɗar akuya bai iya ba, sai ya sa hannunsa mai albarka tsakanin fata da nama, ya nuna masa yadda ake yi. Sayyidina Usmanu ɗan Affan kuwa ruwa ya sa aka kawo masa, ya yi alwala a gaban jama'a domin ya nuna musu alwalar Annabi. Haka magabata suka koyar, aiki da faɗi tare.

Mutanen Gwandu sun fi kowa cancantar sanin wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, hubbarensa kuma yana nan Gwandu, ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. A ciki ya bayyana cewa ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, daga nan yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga wansa Shehu Usmanu. Ya bi Shehu yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, yana ganin yadda ake amsa tambayar talaka da yadda ake tsayawa gaban sarki. Mutumin da ya rubuta Liya'ut Ta'wili bai manta da waɗanda suka koya masa ba, to mu wane ne da za mu raina malamin furamare?

Ita ma gwamnati ta san amfanin koyo da hannu tun da daɗewa. An buɗe shirin ilimin furamare kyauta a 1976. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982 ya nufi yaro ya fita ƙaramar sakandare da sanin sassaƙa, ko ƙira, ko gyaran wuta. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje, amma da yawa suka ruɓe cikin akwatunansu, saboda babu lantarki kuma babu wanda aka horar ya yi aiki da su. A 1999 aka sake ɗaura ɗamara da shirin ilimin bai-ɗaya, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato. Abin lura a nan shi ne, kayan aiki ba sa koyarwa sai da malami mai himma. Malamin Maruda da mudu ɗaya ya cim ma abin da injin da ke kulle cikin akwati bai cim ma ba.

Yau ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana Kalgo, cikin masarautar Gwandu. Amma yaron da ya gama aji shida bai iya raba 60 gida goma ba, ƙofarta a rufe take gare shi ko da a bakin ƙofar aka haife shi. 'Ya'yan talakawa ba su da wata makaranta sai ta gwamnati, in ta mutu su aka binne.

Saboda haka muna kira gare ku, ya ku 'yan kasuwa. Kun daɗe kuna kukan cewa yaron boko bai iya tsaron shago ba. To, ku buɗe musu shagunanku yini ɗaya a zango, su ga sikeli, su ga yadda ake rubuta bashi kamar yadda Allah Ya yi umarni a ƙarshen Suratul Baƙara. Maƙeri da masaƙi da mai gyaran injin ban ruwa su ma su karɓi yaran unguwarsu.

Ku kuwa ma'aikatan gwamnati, amana tana wuyanku. Wanda takardar albashin malami ko ta ƙarin girmansa ta kwana bisa teburinsa ba da wani dalili ba, ya sani za a tambaye shi ranar gobe. Kai 'ya'yanku makarantun kuɗi bai sauke muku hakkin 'ya'yan maƙwabta ba. In sufeto ya tarar da malami ya fitar da yara waje suna auna inuwar sanda domin gane shigar azahar da la'asar, ya rubuta masa yabo, kada ya tuhume shi da barin aji.

Mu ma malaman addini ba mu kuɓuta ba. Sau nawa muka karantar da babin gado a Risala, ɗalibi ya haddace sulusi da sudusi, amma bai taɓa raba gona ko garke a gabanmu ba? Lalle ne mu gyara.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.