Bashin Karatun Likitan Gaɓoɓi: A Auna Kafin a Jinginar da Gona

'Yan uwa na Madawa da Buza da Keita, a karanta wannan takarda a taron ranar kasuwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Mu da muke riƙe da alli a lakwal, iyaye kan tare mu da tambaya in yaro ya ci bak. Ga wadda muke so mu amsa yau: yaro yana son karatun kine, watau likitan da ke motsa gaɓoɓi har wanda ya shanye ya koma tafiya. Shin a ci bashi a tura shi?

Aikin dai babu mai musun amfaninsa. Ku dubi tsohon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da ɗan kabu-kabun da ya karye a kan gudoro, da yarinyar da wuta ta ƙone hannunta ya ƙage. An ba da shelar kawar da shan inna na asali daga Afirka a 2020, amma waɗanda ya riga ya naƙasa suna nan tare da mu. Maɗori yana haɗa ƙashi, mun gode masa. Koya wa ƙafa taku kuwa wani ilmi ne dabam. Asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, yana da sashen wannan aiki, amma daga ƙauyukan Keita zuwa can tafiya ce da kuɗin mota.

To, sai lissafi. Karatun shekara uku ne aƙalla bayan bak, kamar yadda ake yi a Lome da Kwatano. A Jami'ar Bayero ta Kano ya fi haka tsawo. Ga kuɗin makaranta, ga haya, ga ci, ga mota. Mu ɗauka, a misali kawai, duka ya tashi jika 2,000. In yaro ya sami aiki yana biyan jika 20 kowane wata, sai ya yi wata 100, watau shekara takwas da wata huɗu. Ku tuna albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanka a Nijar jika 42 ne. Likitan gaɓoɓi zai fi haka, gaskiya ne, amma ba ranar da ya karɓi takarda zai fara ɗaukar albashi ba. Akwai shekarun bautar ƙasa, akwai jiran gwamnati ta ɗauki ma'aikata. Mai bashi kuwa ba ya jira.

Kuma bashin wane ne? A Amurka ɗalibi ne ke sa hannu da sunansa. A Nijeriya, tun 2024, gwamnati na ba ɗalibanta rance ba ruwa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. A nan Adar ba yaro ke ci ba, gida ke ci. Uba ya jinginar da garkar albasa a fadamar Tarka. Uwa ta sai da tumakinta. Wa da ke ci-rani a Abijan ya ɗaga aurensa. A Keita ma, ƙasar da mata suka ɗauki duwatsu a ka suka rayar tun 1984, ita ake miƙa wa mai kuɗi. In lissafi ya ɓaci, ƙanne shida ne za su rasa hatsi saboda takardar mutum ɗaya.

Ga abin da ya fi damunmu. Wannan magani ba allura ba ce da ake yi sau ɗaya. Mai shanyewar jiki sai ya yi ta zuwa makonni, wani watanni, kuma shi ne wanda ciwo ya riga ya raba da sana'arsa. Talakan Buza ba zai iya biya kowane zuwa ba. Masu biya suna Yamai. Ashe bashi ne zai zaɓa wa yaro garin da zai zauna! Gonar Adar ta biya karatu, birni ya ci moriya, gurgunmu yana nan inda yake.

Saboda haka ba mu ce kada a tura yaro ba. Mun ce a tura shi da ido buɗe.

Na farko, a nemi burs a hukumar ANAB kafin a nemi mai ba da rance, a kuma tabbata gwamnati ta yarda da takardar makarantar da za shi.

Na biyu, a sai da amfanin gona, a yi adashi, dangi su haɗa. Gona kanta kada a taɓa ta.

Na uku, kowane reshe ya kai magana ga hukumar kwamin ɗinsa: a ɗauki nauyin yaro ɗaya ko yarinya, a rubuta alkawari gaban shaidu cewa zai dawo ya yi aiki shekaru kaza a asibitin gundumarsa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Kada a manta da 'yan mata, gama mace da yawa ba za ta yarda namiji ya taɓa jikinta ba.

Ku tattauna wannan, ku aiko mana da abin da reshenku ya yanke kafin a ɗebe albasa.