Ina Masu Wayar Mana Da Kai Suka Shiga?

'Yan uwana mazauna Jikwoyi da Karu da Kurudu.

Akwai hukumar tarayya da ake kira NOA, wato Hukumar Wayar da Kan Jama'a. An kafa ta a 1993, ta gaji MAMSER wadda Janar Babangida ya ƙirƙiro a 1987, Farfesa Jerry Gana ya shugabanta. A takarda tana da ofis a ƙananan hukumomi 774, har da AMAC da Jikwoyi ke ciki. Aikinta shi ne ta fahimtar da talaka manufar gwamnati, ta kuma kai kukansa sama.

To jama'a, da aka sauya fasalin naira a ƙarshen 2022, wa ya bi mai shayi da mai nama ya yi musu bayanin wa'adin 31 ga Janairun 2023 da harshen da suke ji? Jita-jita ce ta riga kowa isowa, masu ajiyar kuɗi a gida suka ɗanɗana kuɗarsu.

Za a ce ai babu kuɗi, albashi ke lashe mafi yawan kasafin. To ma'aikacin da ake biya ya zauna a ofis, ba lasifika, ba kuɗin man babur, ai asara ce biyu! Ko dai majalisa ta ware musu kuɗin fita, a kuma ɗauki masu jin Hausa da Gwari, ko a daina yaudarar talaka.

Mu ma kada mu naɗe hannu. Shugabanninmu da limamai su rubuta wa ofishinsu na AMAC, su zo ƙofar masallacin Juma'a su yi mana bayani. Haƙƙinmu ne, ba alfarma ba.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.