Wanda Bai Kunna Ba, Kada Ya Yaba

Yau za mu leƙa wata duniya da ba kasafai ake zancenta a nan ba, wato ƙungiyoyin masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci a Ingila da Jamus da Amurka. Mutane ne da har gobe suke zama suna rubuta sabbin manhajoji wa injinan da aka daina ƙerawa tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu, irin su ZX Spectrum da kamfanin Sinclair ya fitar a Ingila a 1982, da Commodore 64 da ta fito a Amurka a wannan shekarar. Ba don kuɗi suke yi ba. Mutum zai ɓata watanni yana haɗa ɗan ƙaramin wasa, ranar taro ya kawo a kaset ko a faifai, a jona injin da tsohuwar talabijin, kowa ya zagayo. Abin da ake faɗa masa bayan an kunna, shi ne ya ja hankalinmu.

Ra'ayinmu shi ne, a irin wannan zama babu abin da ya fi rashin amfani kamar yabon wanda bai taɓa madannai ba. "Kai, ka yi ƙoƙari" magana ce mai daɗin ji, amma mai manhaja zai koma gida da ita hannu rabbana, bai ƙaru da komai ba. Wanda ya zauna ya buga wasan na minti goma, sannan ya ce da ya danna hagu da harbi a lokaci guda komai ya tsaya cak, shi ne ya yi masa alheri, ko da bai haɗa da murmushi ba.

Dalili kuwa yana cikin injinan kansu. Ɗauki Spectrum: an yanka fuskar allonta gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, kuma launi biyu kacal gida ɗaya yake iya ɗauka. Idan jan mutum ya ratsa gaban koriyar bishiya, sai launin ɗaya ya ɓata ɗayan. Sabon shiga yakan ɗauka shi ya yi kuskure a lissafi, ya kwana yana neman abin da bai ɓata ba, alhali tsohon hannu da kallo ɗaya zai ce masa haka injin yake, ya sa abubuwansa su riƙa tafiya gida-gida ko ya rage launuka. Haka kuma harshen BASIC na Spectrum, duk lokacin da aka ce masa ya tsallaka zuwa wani layi, daga farkon manhajar yake fara nema. Don haka shawarar "ɗauko wannan sashen da kake yawan kira ka mayar da shi sama" tana iya sa wasan da ke jan ƙafa ya ɗan saki jiki. Wanda bai buɗe layukan ya karanta ba, ina zai samo wannan shawarar?

Ta Commodore 64 ma ta fi ban sha'awa. Wadda aka sayar a Turai tana sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, saboda tsarin talabijin ɗinsu ya bambanta. Sai Bajamushe ya tsara kiɗa a natse, ya tabbatar komai daidai, a kunna a Amurka a ji kiɗan yana gudu kamar an biyo shi, wani lokacin hoton ma ya riƙa rawa. Mai manhajar ba shi da hanyar sanin wannan a ɗakinsa sai wani mai irin wancan injin ya gwada ya gaya masa. A nan mai suka ya zama ido na biyu.

Kuma wannan ɗabi'a gadonta suka yi. A shekarun 1980 mujallu kan buga manhaja sukutum a takarda, mai karatu ya zauna ya kwafe ta layi-layi da hannunsa. Harafi ɗaya ya kuskure, aikin yini ya tashi a banza. Wani lokacin laifin na mai kwafa ne, wani lokacin na maɗaba'a. Mujallar Compute!'s Gazette ta Amurka har fili ta ware mai suna Bug-Swatter don gyare-gyaren manhajojin da ta buga a baya, kuma a 1983 ta fito da wata 'yar manhaja da ke nuna lamba bayan kowane layi, mai kwafa ya gwada da ta takarda ya ga ko ya yi daidai. Kafin nan ma, ƙungiyar Homebrew Computer Club da ta fara zama a Kalifoniya a watan Maris na 1975, inda Steve Wozniak ya nuna kwamfutar da ta zama Apple I, a kan haka ta ginu: ka kawo abinka, a duba, a faɗa maka inda ya gaza.

To amma akwai masu cewa, abin da mutum ya yi don nishaɗi bayan ya taso daga aiki, me ya kawo binciken ƙwaƙwaf a ciki? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin akwai sukar da ba ta da maraba da kora. Yaro ya kawo wasansa na farko da ya rubuta da BASIC, wani dattijo ya kama kwatanta shi da wasannin da ƙwararru suka rubuta da harshen inji suka sayar a kantuna. Wannan zalunci ne. Ko a ce masa tunda a manhajar kwaikwayo ya gwada, ba a kan injin gaske ba, aikinsa bai cika ba. Injin da ya haura shekara 40, wanda kayan cikinsa ke lalacewa kuma samunsa sai an buɗe aljihu, ba kowane matashi ne zai mallaka ba. Mai injin gaske in yana son taimako, sai ya karɓi manhajar ya gwada a nasa, ya dawo da bayani. In ya tsaya gori kawai, nan da 'yan shekaru zai waiga ya ga daga shi sai sa'o'insa a ɗakin taron, kuma abin da suka sani game da waɗannan injina zai bi su kabari.

Sai dai maganin mugun mai suka ba shi ne a koma yabon kowa da komai ba. Masoya Spectrum sun samo wata dabara tun 1996: gasar wasa mafi muni, wadda suka yi don tsokanar wani kaset mai suna Cassette 50 da ya fito a 1983 ɗauke da wasanni 50 da suka yi ƙaurin suna wajen rashin kyau. Kowa ya kawo shirmensa da gangan, a yi masa sharhi filla-filla ana dariya, kuma bisa al'ada wanda wasansa ya fi kyau, wato ya faɗi gasar, shi ake ɗora wa wahalar shirya ta baɗi. Mai jin kunyar nuna aikinsa yakan samu ƙofar shiga ta nan, ya saba da jin an ambaci aibin abinsa ba tare da ya ji an ci masa fuska ba.

Akwai kuma gasar da ake shiryawa daga Jamus, ta rubuta wasa da BASIC a layi 10 kacal, a wani rukunin ma kowane layi kada ya wuce harafi 80. A irin wannan matsi, sharhin da ake nema shi ne na wanda zai ce a layi na 7 akwai harafi huɗu da za a iya cirewa, a sa ƙarar fashewa a gurbinsu. Mai wasan ya koma ya cire, ya sake kawowa, a sake kunnawa.