Kafin a ba na'ura dillancin gida da fili, a karanta takardarta

A watan Oktoban 2025 kamfanin OpenAI ya buɗe ƙofar ChatGPT ga wasu manhajoji na waje, cikinsu har da Zillow, babban shafin tallar gidaje na Amurka. Mai neman gida ya rubuta unguwar da yake so da kuɗin da ke hannunsa, na'ura ta shiga rumbun tallace-tallace ta zaƙulo masa gidaje da hotunansu da taswira. Irin wannan manhaja ita ce ƴar aike ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ba ta tsaya ga hira ba, har aiki take yi da sunan mutum. A nan Nijar, inda tallar fili da gidan haya ta riga ta koma Facebook da WhatsApp, ba za a jima ba wani matashi mai ilimin kwamfuta zai haɗa irinta ya kai wa ofisoshin dillanci na Yamai ko Maraɗi. Shawarata ga duk wanda aka kawo wa ita ce ya nemi takardar bayanin kayan aikin tun kafin ya kalli kwalliyar da za a nuna masa a salula.

Dalili kuwa yana cikin yadda abin ke aiki. Ƴar aiken ba ta taɓa taka ƙofar gidan ba. Akwai wani kayan aiki da ke tsakaninta da rumbun tallace-tallace, kuma abin da ta sani game da shi bai wuce ƴan layukan da mai haɗawa ya rubuta ba. A ƙa'idar MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, wadda masu haɗa manhajoji da yawa ke bi yanzu, kowane kayan aiki yana da suna, da bayanin abin da yake yi, da jerin guraben da ake cikewa. Na'urar da kanta ce ke karanta wannan bayani ta yanke abin da za ta yi. Ma'aikaci idan ya ga giɓi a takarda yakan ɗaga waya ya tambaya. Na'ura sau da yawa cike giɓin take da zato, ta kuma faɗe shi da harshe mai santsi kamar ta gani da idonta.

Abu na farko da za a duba shi ne kuɗi da awo. A ce gurbin farashi ya nuna 150. Sefa ne, jika ce, ko miliyan? Bahaushen Nijar yana lissafi da dala, wato sefa biyar, don haka wanda ya ce ɗari a kasuwa sefa 500 yake nufi. A Maraɗi da Birnin Ƙonni naira ma tana cikin ciniki. In haya ce, kuɗin wata ne ko na shekara, kuma an haɗa da watannin gaba da ake biya kafin shiga da la'adar dillali? Haka faɗin fili: 400 murabba'in mita ne ko wani awo daban? Takardar da ta rubuta "farashi" kawai ta yi shiru ta faɗi tun a matakin farko.

Na biyu shi ne lokaci da tushe. Wane ne ya shigar da tallar, kuma yaushe aka taɓa ta na ƙarshe? Gidan da aka ba da haya tun watan jiya yana nan cikin jeri ko ana cire shi? Dole takardar ta faɗi wannan, ta kuma umarci ƴar aiken ta riƙa sanar da mai tambaya ranar tallar.

Na uku ya fi duka nauyi a ƙasarmu: takardun mallaka. Acte de cession da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa daban, titre foncier daban, shaidar mallakar gargajiya da hukumomin Cofo ke kula da ita ƙarƙashin dokar karkara ta 1993 ita ma daban, kuma nauyinsu a gaban alƙali ba ɗaya ba ne. Kowa ya san labarin fili guda da aka sayar wa mutum biyu ko uku. Idan kayan aikin ba ya bincika komai a kadastar, sai takardar ta rubuta haka ƙarara, don kada na'ura ta ce wa mai saye "takardu sun cika" alhali maganar mai tallar ce kawai ta maimaita. Haka batun ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a unguwannin bakin kogi irin su Lamorde da Saga, ko ta 2024 a Maraɗi, ya san cewa araha a kwari tsada ce. In rumbun ba shi da wannan bayani, a faɗa.

Na huɗu, iyakar ikonta. Karatu kawai take yi, ko tana iya canza farashi, goge talla, aika saƙo da sunan mai gida, ko neman a turo kuɗin kamu? Takarda mai kyau tana raba waɗannan, tana kuma nuna inda sai mutum ya amince kafin a aiwatar. Ta kuma bambanta "babu gida a wannan unguwa" da "rezo ya yanke, ban samu amsa ba", domin na'urar da ba a koya wa bambancin ba za ta sallami mai kuɗi a hannu. Sai lambobin waya da adireshin mutane: ina ake ajiye su, wa ke ganinsu? Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, kuma ofishin da ya tara bayanan shi za a tambaya.

Wani zai ce dillalan unguwa ma suna ƙara gishiri, kuma babu wanda ya taɓa neman takarda a wurinsu, don me za a ɗora wa matasanmu masu fafutuka wannan kaya? Gaskiya ne akwai dillalai marasa amana. Amma dillali yana da fuska da gida, ana iya kai ƙararsa wurin mai unguwa ko komisariya. Na'ura ba ta da ko ɗaya, laifinta kan mai ita yake faɗawa. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta umarci kamfanin jiragen Air Canada ya biya wani fasinja da manhajar hirarsa ta ba bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikiti, ta kuma yi watsi da hujjar cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta. Abin da nake nema bai wuce shafi biyu ba, kuma mai haɗa manhajar shi zai fara cin moriyarsa ranar da rigima ta tashi.

Zillow kansa darasi ne. Yana wallafa yawan kuskuren na'urarsa ta ƙiyasin farashi: kusan kashi 2 cikin 100 ga gidajen da ke kasuwa, kusan kashi 7 ga waɗanda ba a sa a kasuwa ba. Duk da haka, da ya dogara da lissafin na'ura ya shiga sayen gidaje da kuɗinsa, a Nuwamban 2021 ya rufe sashen bayan asara mai yawa, ya sallami kusan rubu'in ma'aikatansa. In haka ta faru a ƙasar da ake rajistar cinikin gidaje a hukumance, ina ga inda yawancin ciniki a baki ake ƙulla shi?

Gwajin ba shi da wuya. Mai ofishi ya ɗauko talla goma na gaske, ya sa guda da aka riga aka sayar, guda mai farashi da dala, guda marar takarda, ya yi wa ƴar aiken tambaya da Hausa da Faransanci, sannan ya gwada amsoshinta da abin da takardar ta yi alkawari. Inda suka saɓa, a mayar wa mai haɗawa ya gyara kafin a biya shi ko dala. Kuɗin fili ga yawancin iyalai tarin shekaru ne na albashi, ko na ɗa da ke ci-rani a Libiya ko Abijan. Bai kamata a bar shi ga zaton na'ura ba.