A Hutar Da Ɗan Tsako Kafin A Miƙa Wa Mesa

Duk wanda ya san unguwar Ali Kazaure a cikin Jos ya san yadda yara kan yi cincirindo idan gardi ya sauke akwatinsa a bakin titi. Wasa da maciji tsohuwar sana'a ce, ba kuwa wanda ke neman a hana ta. Abin dubawa shi ne yadda ake ciyar da macijin bayan taro ya watse. Abin da aka saba shi ne a jefa ɗan tsako ko ɓera ko gafiya da ransa cikin akwati, a rufe, mai shi ya kama gabansa.

To, mesa ba kullum take cin abinci ba. Babba takan yi mako biyu ko fiye ba ta nemi kome ba, in kuwa tana shirin saɓa, ko sanyi ya kama ta, irin sanyin Jos na watan Disamba, sai ta ƙi ci sam. Ɗan tsako ya kwana ya wuni a lungun akwati yana makyarkyata, ba ruwa ba tsaba, yana kallon ajalinsa. Wannan azaba ce wadda ba ta ƙara wa macijin ko ƙwayar tsoka.

Wanda tausayi bai dame shi ba, ai asara ta dame shi. Gafiya ba ta mutuwa a banza. Tana da haƙoran da ke huda itace, kuma macijin da ba ya jin yunwa sau da yawa ba ya ko kare kansa, sai ta yi ta gurgurar bayansa ko ta tsone masa ido. Ciwon ya ruɓe, jarin gardi ya tafi. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Masu wannan al'ada suna cewa wai mesa ba ta cin mushe. Gaskiya ne ba ta son abu mai sanyi, gama akwai 'yan ramuka a leɓenta waɗanda da su take jin ɗumin jikin abin da za ta kama. Amma ɗumi take bi, da wari, da motsi. Idan aka kashe ɓera nan take, aka riƙe shi da dogon awartaki aka ɗan kaɗa a gabanta tun bai huce ba, yawanci za ta cafke. A Ingila da Amurka masu kiwon macizai da yawa daskararrun ɓeraye suke saye, su narkar, su ɗumama, su bayar. Wadda ta saba da mai rai takan yi gardama da farko, sai an yi haƙuri da ita.

Kisan ma da ladabinsa. Kaza ko zomo a wasa wuƙa a yanka, kamar yadda addini ya yi umarni, ba kuwa a gaban 'yan'uwansu ba. Ɓera kuma a karya masa wuya lokaci guda, amma wanda ya iya ne zai yi, don wanda bai iya ba azabar zai ninka. Nutsarwa a ruwa da sakawa cikin firji da rai mugunta ce. Guba kuwa haɗari ce, domin ɓeran da ya ci ta zai tafi da macijin. Ko dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta sa zaluntar dabba cikin laifuffuka.

Jos ba ta rasa masana ba. Ga gidan zu kusa da gidan tarihin da aka buɗe a 1952, ga gandun namun dajin da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ga kuma ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom wadda take nan tun 1924. Ya kamata likitocin dabbobi na jihar Filato su nemi shugabannin gardawa ta hannun masu unguwa, su zauna da su, su nuna musu wannan aiki da hannu. Koyon ba zai ci wuni guda ba, awartakin kuwa kowane maƙeri a Jos zai ƙera shi.